Kafin tauraro ya tashi, a duba ma'aunin ruwan ƙauye

A watan Satumba na 2024 labari ya fito daga Bamako cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun ƙulla yarjejeniya da Glavkosmos, wani reshe na hukumar sararin samaniyar Rasha, don su mallaki taurarin ɗan'adam, na sadarwa da na ɗaukar hoton ƙasa. An kwana biyu ana zancen a Damagaram, daga fadar samari masu shan shayi har rumfunan kasuwar Dole. Mutane sun ji daɗi, kuma da gaskiyarsu. Ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.2, mafi yawanta hamada, tana buƙatar ido daga sama. Ni ma na yi murna. Amma ina da magana a kan abin da ya kamata ya riga tauraron, kuma maganar ta shafi jaharmu kai tsaye.

A farkon wannan watan ne, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwa. Daminar ta ci rayuka kusan 400 a faɗin ƙasa, ta shafi mutane fiye da miliyan 1.5. Duk wannan ya auku alhali taurarin da ke kallon Afirka suna kan aiki, suna turo hoton gajimare kowane minti 15, kuma masana yanayi na yankin Sahel sun faɗa tun watan Afrilu cewa ruwan shekarar zai zarce yadda aka saba. Hoto daga sama bai yi ƙaranci ba. Ƙarancin yana ƙasa: masu awo, kayan awo, da hanyar da labari zai bi ya iske mai gidan ƙasa cikin harshen da yake ji. A wannan wuri nake ganin gudunmawar Damagaram take ga aikin da ƙasashen duniya ke yi tare na sa ido a kan doron ƙasa da muhalli. Mun daɗe muna bayar da ita, amma mu kanmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba.

Da yawa cikinmu sun ɗauka tauraro yana ganin ruwa yana zuba. Wanda muka fi dogaro da shi ba ya gani. Meteosat, tauraron ƙasashen Turai wanda masu hasashen yanayi a Yamai ke aiki da hotunansa, yana tsaye kimanin kilomita 36,000 a sama, ta wajen tekun Gini. Abin da yake aunawa daga can shi ne sanyin kan gajimare. Idan hadari ya yi tsawo sosai, kansa yakan yi sanyi har ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri ko fiye, sai a ɗauka cewa ana ruwa a ƙarƙashinsa. A ƙirga awoyin da gajimare mai irin wannan sanyi ya yi a kan wani wuri, sannan a juya awoyin zuwa milimita. To, wa zai faɗi awa ɗaya milimita nawa ce a ƙasar Tanut, nawa ce a ƙasar Magarya? Ma'aunin ruwan da ke kafe a ƙasa, da mutumin da ke tashi da safe ya karanta shi ya rubuta a littafi. Shahararrun ƙididdigar ruwan sama da duniya ke amfani da su a kan Afirka, irin su TAMSAT na jami'ar Reading a Ingila da CHIRPS na Amurka, duk da awon ƙasa ake daidaita su. Inda ma'auni ya yi yawa, ƙiyasi ya matso kusa da gaskiya. Inda babu, sai ya zama kirdado.

Ruwan Sahel kuwa ba ya yarda da kirdado. Kowane manomi ya san hadari yana iya sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba, wani ya yi shuka, maƙwabcinsa da bai fi tafiyar awa ɗaya ba yana jira har mako biyu. Masana sun tabbatar da wannan a nan Nijar, a farkon shekarun 1990, lokacin da ma'aikatar meteyo ta ƙasa da masu binciken Faransa suka jera ma'aunai kusan 100 a wani yanki kusa da Yamai, a aikin da aka kira EPSAT-Niger. Abin da aka koya a wannan fili ya shiga littattafan ilimin yanayi na duniya, kuma da shi aka gwada ingancin taurari da dama. Ke nan ƙasar Zabarmawa ta ba da nata. Mu ma muna da namu: tashar Damagaram tana cikin mafi daɗewa a Sahel, ana rubuta ruwanta tun farkon ƙarni na 20, kafin a mayar da babban birni Yamai a 1926. Duk mai son ya san yadda damina ta ja baya a shekarun 1970 da 1980, da yadda ta dawo da wani sabon hali na ruwa mai ƙarfi cikin ɗan lokaci, sai ya bi ta kan wannan jerin lambobi.

Maganar tana da kuɗi a cikinta. A farkon 2015 asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka, ARC, ya biya Nijar dalar Amurka miliyan 3.5 bayan ƙarancin ruwan daminar 2014, kuma lissafin da aka yi biyan a kansa daga ƙiyasin ruwa na tauraro ya fito. Idan ƙiyasin ya ce an yi ruwa a Damargu alhali hatsi ya bushe a tsaye, wa zai ƙaryata shi? Sai mai riƙe da awo na ƙasa. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana faɗin cewa tashoshin awo a Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na abin da ya kamata a ce akwai. Jaharmu ta fi ƙasashe da yawa faɗi, tun daga iyakar Najeriya har Tesker da duwatsun Termit, kuma gwargwadon yadda ka yi arewa, gwargwadon yadda ma'aunai ke yin nisa da juna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin gawo, domin a nan ne aka ga iyakar idon sama ƙarara. Bayan farin 1973 da na 1984, hoton da duniya ta riƙe game da kudancin Nijar shi ne na ƙasar da hamada ke cinyewa, itace ya ƙare, saura rairayi. A cikin waɗannan shekarun ne kuma manoman Magarya da Matamai da Mirya suka canza yadda suke sassabe. Maimakon a share gona fes a ƙone, sai mutum ya zaɓi tohon kalgo ko sabara mai ƙarfi ya bar shi, ya rage na gefe, ya kewaye ɗan gawon da ya fito ya hana garma da dabba taɓa shi. A ƙasar Maraɗi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa irin wannan dabara tun 1983, wadda ake kira sassabin zamani. A kudancin Damagaram kuwa matsi ne ya fi koyar da mutane. Jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan, babu halin a bar ta ta huta, takin zamani ya fi ƙarfin aljihu. Gawo shi ne mafita: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi ƴaƴa. Da aka sassauta dokar daji, musamman bayan kundin dokar karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004, manomi ya fara jin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu.

Kusan shekara 20 ana wannan aiki, taurari suna wucewa ta samanmu kullum, amma taswirar duniya ba ta nuna shi ba. Dalili shi ne ɗigo ɗaya a hoton Landsat, tauraron Amurka mai ɗaukar hoton ƙasa, yana ɗauke da fili mai mita 30 a kowane gefe, kuma masu zana taswirar daji suna neman inda itatuwa suka haɗa kai ne suka rufe ƙasa. Gawon da ke tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar gonar hatsi bai shiga lissafinsu ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 da wasu masana suka bi hanya da mota, suka tsaya a ƙauyuka suka tambayi masu gonaki, cikinsu akwai ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, da Chris Reij na Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Suka ɗauko tsofaffin hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 suka gwada da sababbi masu kaifi. Rahoton 2006 ya nuna kimanin hekta miliyan ɗaya a gundumomin nan uku kaɗai. Ƙiyasin da ya biyo baya ya kai hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar, da itatuwa kusan miliyan 200. A yau duk taron duniya da ake yi a kan farfaɗo da ƙasa sai an ambaci wannan misali.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Manomin Dungas ya san gawon gonarsa da na maƙwabcinsa, bai san cewa abin ya kai hekta miliyan 5 ba, kuma babu wani a Yamai da ya sani. Hoton sama ne ya nuna mana girman abin da hannunmu ya yi. Shi ya sa ba na cikin masu cewa mu rufe ƙofa mu ce mun wadatu da saninmu. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa ba da labarin kamar wani ya zo daga nesa ya gano mana itatuwanmu, mu kuma mu karɓi wannan labarin mu maimaita wa ƴaƴanmu.

Kuma maganar ba ta tsaya a tarihi ba. A 2020 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen ta ƙirga itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel ta hanyar koya wa kwamfuta gane inuwar itace, bayan an zana mata kusan 90,000 da hannu. A 2023 aka faɗaɗa ƙidayar zuwa kusan biliyan 10 a busassun yankunan kudu da Sahara, aka kuma ƙiyasta yawan iskar kabon da suka adana. Da irin wannan taswira ne masu cinikin kabon, wato masu biyan kuɗi a kan kabon da itace ya adana, za su zo su yi tayin gawon Matamai. Juya faɗin inuwar itace zuwa nauyi yana buƙatar wanda ya auna gindi da tsawo da reshe a fili. Idan malaman daji da ɗaliban jami'ar André Salifou ba su da nasu awon da za su ajiye a kan tebur, wani ne zai yanka wa itacen farashi, manomin da ya yi shekara 30 yana rainonsa ya tsaya yana kallo.

Makiyaya ma suna da irin nasu. Tauraro yana auna koren ƙasa, kuma da wannan ake ƙiyasta ciyawar shekara. Amma kore ba duka ne abinci ba. Filin da garmani ya cinye yana fitowa shar a hoto, alhali saniya ba ta kula shi. Shi ya sa a ƙarshen kowace damina malaman dabbobi ke fita daji su yanki ciyawa a ƴan filayen da aka ware, su shanya, su auna a sikeli, su rubuta irinta, kafin a ce ga yawan abincin dabba da ake da shi bana, ga giɓin da za a cike da dusa da ƙwayar auduga. Haka ma farin dango. Ofishin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke Roma yana ganin inda ruwa ya sauka da inda hamada ta yi kore, amma sai ma'aikatan cibiyar yaƙi da fara sun shiga Tamesna da Ayar da Termit sun tono rairayi sun ga ƙwai, sau da yawa kuma Buzu ko Tubu mai raƙumi ne ke fara kawo labari. Wanda ya ga farin dangon 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 ya san abin da jinkirin wannan labari ke jawowa.

Akwai kuma abin da duniya ke nema a wurinmu don kanta, wanda ba taimako ba ne take yi mana. Hazon da ke rufe mu da hunturu, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a ƙasar Cadi, wurin da babu kamarsa a duniya wajen fitar da ƙura. Ta kan Gure da Damagaram yake bi ya nufi Kano da teku. Wani binciken hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, na 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke fita zuwa tekun Atlantika kowace shekara, kusan miliyan 28 daga ciki ta sauka a dajin Amazon ta zame masa taki. Don a tabbatar da abin da tauraro ke faɗi game da ƙurar ne aka kafa na'urar auna hazo a filin jirgin saman Damagaram, cikin jerin tashoshin duniya da ake kira AERONET. Kuma igiyoyin iskar da ke ɗauko hadarinmu daga gabas su nufi yamma, su ne idan sun faɗa teku wasunsu ke rikiɗa su zama manyan guguwowin da ke rusa garuruwa a Karibiyan da Amurka. Mai hasashe a Miyami yana da buƙatar ya san abin da ke faruwa a samaniyar Sahel. Mu ma ƙurar ta shafe mu ta wata fuska: lokacin hazo da bushewar iska shi ne lokacin sanƙarau, kuma jaharmu ta sha fama da shi, har a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Awon ƙura da laimar iska yana taimaka wa likitoci su san inda za su kai rigakafi da wuri.

Wanda ke riƙe da abin da ake nema a wurinsa, idan ya zauna a taro, ya kamata ya zauna da sanin haka. Ƙasarmu ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, shekara ɗaya bayan kafa ƙungiyar CILSS ta yaƙi da fari, kuma ta horar da ɗimbin masana yanayi da ruwa da kare amfanin gona na Afirka ta Yamma. Cibiyar ACMAD, wadda ke yi wa nahiyar baki ɗaya aikin yanayi, ita ma tana Yamai tun 1992. Su ne ke tara masana kowace shekara kafin damina su fitar da hasashe. Ƙungiyar GEO ta ƙasashen duniya masu haɗa kai wajen sa ido kan doron ƙasa, da aka kafa a 2005, tana da reshen Afirka, Tarayyar Afirka kuma ta buɗe hukumar sararin samaniyarta a Alƙahira a watan Afrilu na 2025. Kujerun zama suna nan. Tambayar ita ce me wakilinmu zai riƙa a hannu idan ya je, kuma nawa ne daga abin da ake tattaunawa a Yamai ke saukowa Takyeta ko Belbeji.

Na san abin da wasu ƴan'uwa za su ce, musamman a wannan zamani da maganar ƴancin kai ta cika bakin kowa: don me za mu riƙa ba Turawa bayananmu kyauta, su sarrafa su sayar mana? Tambayar tana da tushe. An sha ɗibar awo a ƙauyukanmu, a buga bincike a waje, sunan wanda ya sha rana bai fito ko a ƙasan shafi ba, sakamakon kuma bai dawo ba. Wannan a gyara shi, a rubuta shi cikin kowace yarjejeniya: kwafin duk abin da aka auna ya zauna a ƙasa, ɗan ƙasa ya shiga aikin tun daga tsarawa har rubutawa. Amma riƙe bayanan yanayi a aljihu cutar kai ce. Hadarin da zai sauka a Damagaram da la'asar, da safe yana ƙasar Cadi ko Difa ko Barno. In ba mu samu labarin Njamena da Nguru ba, ba mu da gargaɗi, kuma in ba mu ba Maraɗi da Katsina namu ba, su ma ba su da shi. Manyan kwamfutocin hasashe na Turai da Amurka, waɗanda meteyonmu ke dogaro da sakamakonsu, suna yin kuskure a kan Sahel ne daidai gwargwadon ƙarancin awon da ke isa gare su daga Sahel.

Abin tsoro na gaskiya wani ne daban, kuma mun gan shi a ƙarshen Janairun 2025. Shirin FEWS NET, wanda Amurka ta kafa a 1985 don hango yunwa tun kafin ta iso, wanda ma'aikatan cimaka a duk faɗin Sahel suka saba leƙawa, ya rufe dare ɗaya saboda sabuwar gwamnati a Washinton ta dakatar da kuɗin taimakon waje. Watanni ya yi a rufe. Babu wanda ya shawarce mu, kuma babu dalilin da zai sa a shawarce mu, tunda ba kuɗinmu ba ne. Wannan shi ne hujja mafi ƙarfi da masu son tauraro na kanmu ke da ita, kuma na yarda da ita. Sai dai hujjar ta fi ƙarfi a kan abin da ke ƙasa. Na taɓa ganin tashar awo mai aiki da kanta a wani ƙauye na kudancin jahar nan, wani shiri ya kafa ta da kuɗin waje, an kewaye ta da waya, ga faifan hasken rana a kanta. Da shirin ya ƙare, batir ya mutu, kuɗin layin da ke tura bayanai ya yanke, ta zama ƙarfe a tsaye. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, domin kuɗin da zai tashe ta bai kai na bikin buɗe ta ba. Muddin kayan awonmu suna rayuwa da mutuwa tare da shirye-shiryen baƙi, ko taurari nawa muka harba, tushen yana hannun wani.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta riga mu bin wannan hanya. Ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta shigar da shi cikin wani rukunin taurari na ƙasashe daban-daban masu sa ido kan bala'o'i, har ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Abin alfahari ne ga Afirka, kuma misali ne na yadda ake shiga haɗin gwiwa da abin hannu. Amma tauraro yana da ajali na ƴan shekaru, in ya mutu sai an sake zuba wasu biliyoyin. Hotunan Landsat kuwa kyauta ne tun 2008, na Sentinel-2 na Turai, masu kaifin mita 10, suna dawowa kan gona ɗaya duk bayan kwana 5, su ma kyauta. Ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet mai ƙarfi a Damagaram yana iya bin yadda tabkin Gidimuni ke cika da janyewa, ko yadda tudun rairayi ke matsowa kan kwaruruwan dabino da kanwa na ƙasar Gure, ba tare da ya biya ko dala ba. Abin da ke hana shi shi ne wutar da ke yankewa, da layin da ba ya ɗaukar babban hoto, da rashin kuɗin man babur da zai kai shi wurin ya gani da idonsa.

Don haka roƙona ga mahukunta, daga na Yamai har gwamna da shugabannin komin, shi ne a ware wa aikin ƙasa kaso tabbatacce daga baitulmalinmu, a rubuce, kowace shekara, ko da ɗan kaɗan ne a kan abin da za a kashe wa sama. Ma'aunin ruwa na roba ba shi da tsada. Tsadar tana wajen mutum. Malamin gona ko malamin makaranta ko ɗan mai gari da ya ɗauki nauyin karanta shi kowace safiya daga Mayu zuwa Oktoba, yana yi wa ƙasa aiki, yana yi wa duniya aiki, ya cancanci ɗan alawus da katin waya da kuma a san da shi. In aka ce kowane babban ƙauye yana da irin wannan mutum, yana tura lamba ta salula, da taswirar ruwan jahar nan ta canza kama cikin damina biyu.

Sannan abin da aka ɗiba ya riƙa dawowa. Wannan ne wurin da na fi jin ciwo. Hasashen damina yana fita a Afrilu da Faransanci, cike da kaso cikin ɗari da launuka a kan taswira. Manomin da ke lissafin watan bakwai, yana shawara tsakanin ya yi binne ko ya jira ruwa, ya shuka irin da ke nuna da wuri ko na gado, ba wannan yake buƙata ba. Yana son a ce masa: bana ana sa ran ruwa zai sauka da wuri, amma akwai fargabar tsayawa bayan shuka, kada ka zuba irinka duka a ruwan farko. Mai gidan ƙasa a Birni ko Garin Malam yana son a ce masa ya yi yaɓe ya gyara indararo tun bazara, masu unguwa kuma su sa a yashe magudanai. A faɗe shi da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci, a gidajen rediyon karkara, a maimaita a masallaci da ranar kasuwa, kuma a faɗi gaskiya cewa hasashe ne, yana iya saɓawa. Mutumin da ya ga amfanin lambar da ya tura, gobe ba sai an roƙe shi ya tura ba. Ana yin wani abu daga wannan a wasu wurare, na sani, amma yawanci a ƙarƙashin shiri mai wa'adi, a ƙauyuka ƙalilan.

Akwai wani aiki guda da za a iya farawa bana. Tsofaffin littattafan awon ruwa na gundumomi da ofisoshin gona, na Tanut da Gure da Magarya da sauransu, wasunsu rubutun hannu ne na shekaru aru-aru, kuma takarda a ƙasarmu tana da maƙiya: gara, yoyo, da ƙaura daga ofis zuwa ofis. Duk shafin da ya lalace ya tafi da daminar da ke cikinsa, domin kafin ƙarshen shekarun 1970 babu Meteosat da ke kallon gajimarenmu balle a koma gare shi. Sashen nazarin ƙasa na jami'armu yana da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A haɗa su da ma'aikatar meteyo, a ba kowane rukuni gunduma ɗaya, su ɗauki hoton kowane shafi, su shigar da lambobin a kwamfuta, a gwada da abin da Yamai ke riƙe da shi a cike giɓi. Kwafi ɗaya ya zauna a jami'a, ɗaya a meteyo, ɗaya a AGRHYMET, da sunayen ɗaliban da na tsofaffin ma'aikatan da suka yi awon tun farko a jikinsa.